Kaluluwar Rago a Kwalbar Inna

Shafi na 23

Masu tambaya ta ko Maikuɗi mutumin kirki ne, ni ma ban rantse masa ba. Masu cewa in saki Inna ta huta haka nan kuma, ku yi haƙuri, ba ni na ɗora mata ciwon ba. Ku gyara zama.

Takardar sakamakon awo daga Zariya ta iso ranar Talata, sati biyar cif bayan an yi wa Inna Hadijatu aiki a ganɗa. Ruka, 'yarta ɗaya tilo, ta baro gida da murnarta, har da ƙullin goro ta riƙo wa Malam Shadrach mai ɗakin awo. A zatonta za a ce mata ƙarin da aka cire ba komai ba ne, kowa ya kama gabansa.

Sai ta ga ya ja mata kujera, ya tura ƙofa. Mutumin da ko fitsari ka kawo awo sai ya haɗa ka da barkwanci, yau ko goron bai kalla ba.

"Maman Larai, zauna."

"Lafiya dai ko, Malam?"

"Da sauƙi. Likita ya shiga tiyata, ya ce in yi miki bayani, don Hausarsa ba za ta ɗauki wannan magana ba. Kin tuna kwalba biyu muka aika?"

"Na tuna. Ƙaramar ta ɗan ɓantaren da aka tsinko kafin aiki, ita motar asibiti ta tafi da ita. Babbar kuma ta ƙarin gaba ɗaya, Baban Larai ya kai da hannunsa ranar da ya tafi kai fatu."

"Madalla. To babban likitan can bai tsaya a takarda ba, har da gilasai biyu ya aiko. Zo ki gani da idonki, kar gobe a ce Shadrach ne ya faɗa."

Ya ɗora wani siririn gilashi a ƙarƙashin madubin likita, ya juya shi ya fuskanci taga. Ruka ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Da farko haske kawai ta gani. Da ya murɗa wani abu a gefe, sai ga 'yan ɗigo-ɗigo ruwan hoda da shuɗi sun fito a jere, kamar ɗinkin hula.

"Wannan naman Inna ne?"

"Shi ne, na ƙaramar kwalba. An yanka shi siriri, ya fi ɓawon albasa, aka rina shi."

"Ai kyau gare shi."

"Kyan nan shi ne yaudarar," in ji Malam Shadrach. "A ganɗar kowa akwai wasu 'yan jakunkuna masu fitar da yawu. Daga ɗayansu ƙarin nan ya tsiro. Likitan ya rubuto cewa shi ma da farko ya ɗauka irin ƙarin nan ne marar mugunta, don ƙwayoyin duk kansu ɗaya, a natse suke. Hankalinsa ne bai kwanta ba, ya sake yanka, ya sake rini, ya kira abokin aikinsa suka duba tare. Kai idonki gefen hagu. Me kika gani?"

"Wasu sun ɓalle daga cikin taron. Sun yi layi ɗai-ɗai kamar tururuwa, sun kewaye wani farin abu."

"Farin nan jijiya ce. Ƙari mai hankali a jakarsa yake zama. Wannan fita yake yi yana bin jijiya. Maman Larai, daji ne."

Ruka ta ɗago. 

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Tsaya, ban gama ba. Daji iri-iri ne. Wannan mai tafiyar hawainiya ne, kuma ba a cika ganinsa ba. Likitan ya ce duk shekarunsa na aiki bai ga irinsa ya kai biyar ba. Ba ya saurin yaɗuwa. In an cire shi duka har da gefensa, sau da yawa shi ke nan."

"To ai an cire!"

"Wa ya sani? Gefen ƙarin ne kaɗai zai faɗa. In aka duba kewayensa aka ga lafiyayyen nama ko'ina, an kwashe shi kenan. Shi ya sa muka aika babban gaba ɗayansa."

Ya zare gilashin, ya sa na biyun. Ta sake leƙawa. Wannan ba layi ba tsari, shuɗi ne kawai cunkus.

"Wannan fa?"

"Abin da suka tarar a babbar kwalba kenan. Kaluluwa ce. Lafiyayya ƙalau." Ya ƙarasa a hankali. "Ta rago ce ko ta akuya. Har ɓurɓushin gashin dabbar sun gani."

"Malam, ban gane ba."

"Ni na sa naman Inna a kwalbar nan da hannuna. Na cika ta da ruwan magani, na liƙe bakin da filasta, na miƙa wa maigidanki. Iyakar sanina kenan. Ban ce kowa ya yi komai ba."

Ba ya ma buƙatar faɗa. Duk Kontagora wa bai san mijinta Maikuɗi mahauci ne ba?

Sauran bayanin kamar daga cikin rijiya ta riƙa jin sa. Likita ya ce ba zai yi caca da ran tsohuwa ba. In ba a samu ainihin ƙarin an duba gefensa ba nan da Alhamis ta sama, zai tura ta Kaduna a sake yanka da faɗi, har da ƙashin ganɗar. Ƙofa za ta buɗe tsakanin baki da hanci. Magana ta hanci za ta riƙa fita, ruwa ma sai an yi dabara. Inna Hadijatu fa, mai guɗar da in ba a ji muryarta a biki ba, daga nan har Auna, sai a ce amarya ba ta da gata.

"Naman da ya kwana a ruwan maganin nan ba ya saurin lalacewa," in ji Malam Shadrach yana buɗe mata ƙofa. "In yana duniya, a kawo shi."

Ruka ba ta nufi gida ba. Kasuwa ta miƙa.

Shi zargi, in ya samu ƙofa, da 'yan'uwansa yake shigowa. Kafin ta kai bakin titi ta tuna sabon babur ɗin da Maikuɗi ya shigo da shi sati biyu bayan dawowarsa daga Zariya. Ta tuna yadda ya tsiri zuwa Kaboji duk Laraba, ya ce raguna yake dubowa, alhali kowa ya san akwai wani mai duba a can. Ta tuna shi da kansa ya ce a ba shi kwalbar, babu wanda ya roƙe shi. Ta tuna har da hirar da mata ke yi a gidan suna, wai akwai mahautan da ke binne abu a ƙarƙashin teburinsu don nama ya riƙa ƙarewa kafin azahar. Ranar dariya ta yi. Yau dariyar ta maƙale, don naman Maikuɗi kwanan nan ba ya kai azahar.

Shekara goma sha biyu suna tare, ko allura bai taɓa ɗaukar mata ba. Amma wannan ma sai zuciya ta juya mata shi, ta ce ai mugu mai haƙuri ne.

"Ruka! Ke Ruka, ina za ki kamar an koro ki?"

Fure ce mai wankan gawa, tsaye a bakin rumfar 'yan yadi. Gaban Ruka ya faɗi, don ita ma tana da nata ɗan ɓoyen. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce maƙwabciyarsu Kulu ta rasu ranar Juma'a da yamma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kasuwa ta tashi, an rasa alawayyon da za a rufe ta. Inna tana barcin magani. Ruka ta zaro makulli daga ƙarƙashin matashinta, ta buɗe adaka, ta ɗauko likkafanin da tsohuwar ta daɗe da tanadar wa kanta, ta miƙa wa Fure a naɗe yadda ta same shi. Tun ranar take cewa gobe za ta sayo wani ta mayar kafin Inna ta farga, goben ba ta zo ba.

"Allah ya saka miki, 'yar nan," in ji Fure. "Kin fitar da gidan Kulu kunya. Likkafanin ya isa har ya yi saura. Ɗan ƙullin da ke ciki ma ban taɓa ba, na san ƙasar Madina ce irin ta alhazai, na sa mata abinta a gefe, aka binne ta da shi. Kulu ta yi sa'a."

"Amin, Baba Fure. Sauri nake."

Ta wuce. Kunnenta ya ji, amma hankalinta yana rumfar 'yan nama.

Ta tarar da shi yana saran ƙashi, mutane sun yi cincirindo. Da ya hango ta sai ya saki gatarin, don matarsa ba ta taɓa zuwa masa rumfa ba. Ba ta gaishe shi ba. Ta sa hannu cikin farantin da yake zuba tarkace, ta tsamo wani ɗan dunƙulen nama mai ruwan toka, ta ajiye masa a gaba.

"Baban Larai, mene ne sunan wannan?"

Ya dubi naman, ya dube ta. Ya goge hannu a jikin tsummansa, ya ce wa masu saye su ba shi minti biyu, ya zagaya bayan rumfa. Ta bi shi.

"Kaluluwa ce," ya ce. "Kin san ta."

"Mutanen Zariya ma sun san ta."

Ya kau da kai.

"Suna da madubi, Baban Larai. Kai ka ɗauka nama nama ne?"

"Rage murya, Ruka. Kasuwa muke."

"Ina naman uwata?"

"Ruka..."

"Kaboji ka kai shi? Ko yana ƙarƙashin teburin can? Ka faɗa mini in tona da hannuna!"

Ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Ni? Ni kike zargi da tsafi da naman Inna?"

"Babur ɗin daga ina?"

"Na Yaya Lukuman ne, ya bar mini da aka mayar da shi Sakkwato. Na gaya miki tun ranar."

"Ka gaya mini. Ka kuma gaya mini ka kai kwalba."

"Na kai kwalba."

"Da rago a ciki!"

 Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Ruka ta ji kuka ya taso mata, ta danne, don ta rantse ba za ta yi masa kuka a kasuwa ba.

"Ka rantse ba kai ka canza ba."

"Ba zan rantse ba. Ni na canza. A Tegina, da mota ta tsaya salla. Na ɓare filastar, na zaro nata, na sa wannan. Girmansu ɗaya, na auna da idona."

"Don me?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Wa ka yi wa alkawarin? Bokan?"

"Ruka, ki ji tsoron Allah."

"Kai ka ji shi? To bari in gaya maka abin da ka jawo. Daji ne a bakin Inna. Sun gani a ƙaramar kwalba. In ba a kawo ƙarin an duba gefensa ba nan da Alhamis ta sama, Kaduna za a kai ta a cire mata ƙashin ganɗa. Ba guɗa, ba magana sai ta hanci. Ka riƙe alkawarinka, ka dafa ka ci."

Maikuɗi ya dafa ginshiƙin rumfar. Namiji ne ƙato, mai ka da sa shi kaɗai, amma yau sai da ya nemi abin jingina.

"Ita ta ce mini ba komai ba ne. Ta ce an riga an cire, me kuma ya rage."

"Ita wa?"

 Ya leƙa ya ce wa maƙwabcin rumfarsa ya kula masa da nama, ya turo babur.

"Hau. Ba a bakina za ki ji ba."

Inna Hadijatu tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, gefen mayafi a kan baki, yadda ta saba tun bayan aikin. Ta ga 'yarta da surukinta sun shigo tare da rana tsaka, babu mai kallon wani. Ta ture tiren gefe.

Maikuɗi ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa.

"Inna, a gafarce ni. Magana ta fito."

"Wace maganar?"

"Ta kwalba."

Tsohuwar ta dubi Ruka, ko gezau.

"To, sai aka yi yaya? Ni na sa shi."

"Ke, Inna?"

"Ni. Ya zo yi mini sallama a gadon asibiti da kwalbar a aljihu. Na riƙe masa riga, na ce in ya kai naman jikina garin da ban sani ba, ban yafe masa ba. Yaron nan har hawaye ya yi. Ki bar ganin laifinsa."

Kunya ta rufe Ruka. Ta saci kallon mijinta, shi kuwa ƙasa yake kallo. Duk ginin da ta yi daga asibiti zuwa kasuwa ya rushe a kanta, har da Kaboji da teburin.

"Amma don me, Inna?"

"Don me? Jiki amana ne, Ruka. Ubanki da injin niƙa ya datse masa yatsa, ba mu wanke yatsan mun binne ba? Ko cibiyar jariri ba a yar da ita a bola. Sai ni za a ɗauki tsokata a ba wasu ƙarti su yi ta juyawa, in sun gama su watsa wa karnuka? Yadda aka ba ni jikin nan haka nake so in mayar da shi, ba giɓi."

"Ba watsarwa za su yi ba. Dubawa za su yi."

"Sun duba ƙaramin, bai ishe su ba?"

Ruka ta matso ta zauna a gefen tabarmar. Ta faɗa mata duka, ba ta rage ba: ɗigo-ɗigon da ta gani da idonta, layin tururuwar da ke bin jijiya, tafiyar hawainiyar ciwon, da Kaduna. Da ta zo kan ƙashin ganɗa, hannun Inna ya tafi bakinta da kansa.

"Ta hanci?"

"Ta hanci, Inna."

"Guɗar fa?"

"Babu."

Tsohuwar ta karkata kunne. Daga zaure ana jin muryar Larai, jikarta, ta dawo daga makaranta tana waƙa.

"Na ce ko da sanda nake tafiya, ni zan yi wa 'yar nan guɗa ranar aurenta."

"To ki ba su su duba. In gefen ya fita lafiya, babu mai sake taɓa ki. Siririn yanki kawai za su ɗiba, kamar ɓawon albasa. Ni zan roƙi Malam Shadrach ya rubuta musu su dawo miki da saura."

"Zai dawo?"

"Ni zan je in karɓo, Inna," in ji Maikuɗi. "Wannan karon da gaske."

Inna ta yi 'yar dariya a bayan mayafi, ta farko tun da aka yi mata aiki.

"Ja'iri. To ku kwantar da hankalinku, ban binne ba. Ya ce mini in aka raba shi da ruwan asibitin zai yi wari, sai na sa ya ɗebo mini ruwan a 'yar kwalbar man shafawa. Yana ciki, a toshe. Na ɗinke ta a farin ƙyalle."

"Alhamdulillahi!" Ruka ta kama hannunta. "Tana ina?"

"Inda za ta bi ni in ranar ta zo. Tana cikin likkafanina, ninki na uku."

Hannun Ruka ya saki nata.

Sai yanzu maganar Fure ta iso mata, kalma bayan kalma. Ɗan ƙullin da ke ciki. Ƙasar Madina. Na sa mata abinta a gefe.

"Tashi ki ɗauko mana," in ji Inna. "Makullin yana ƙarƙashin matashi."

Ruka ba ta motsa ba. 

"Ke, ba ki ji ba ne? Maikuɗi, shiga ka jawo mini adakar, yau babu kunya."

Ya shiga ya jawo ta har bakin ƙofa, ya miƙa makullin. Inna ta buɗe da kanta. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga tsohon bargo, ta zura hannu har ƙasa. Ta sake kwashe komai ɗaya bayan ɗaya ta zube a tabarma, har ƙarfen gindin adakar ya bayyana.

Sannan ta ɗago a hankali, mayafin ya zame daga bakinta ba ta gyara ba.

"Mutum biyu ne a duniya suka san inda makullin nan yake kwana," ta ce. "Ruka, ina likkafanina?"